Zama 12 a kan gadon jan baya: abin da ya yi min da abin da bai yi ba

Ni tela ne, shekarata 22 a kan keken ɗinki, don haka ciwon baya ba baƙona ba ne. Amma wanda ya kama ni ana saura mako biyu Ƙaramar Sallah daban yake. Na sunkuya zan ɗauki ƙunshin shadda daga ƙasa, sai na ji wani abu ya tsinke a ƙuguna kamar an caka min allura mai zafi. Kafin gari ya waye ciwon ya bi ta ƙuguna na hagu, ya gangara bayan cinya har babban yatsan ƙafa. Ruku'u ya gagare ni. Sallar Idi a kan kujera na yi ta, ɗinkin mutane kuma yarana ne suka ƙarasa.

Na shafa man zafi, an yi min ƙaho, na sha allurai a kemis, duk babu sauƙi. Da na je asibiti aka ɗauki hoton MRI, likita ya nuna min cewa tsakanin kowane ƙashi biyu na gadon baya akwai wani faifan guringuntsi mai kama da matashi, kuma nawa na tsakanin ƙashi na huɗu da na biyar na ƙasan baya, da ake kira L4 da L5, ya bullo yana danne jijiyar da ke sauka ƙafa. Ya ce bai kai a yi aiki ba, ya tura ni sashen gashin ƙashi. A can na fara ganin na'urar jan baya.

Gado ne mai rabuwa biyu. Za ka kwanta rigingine, a ɗora ƙafafunka a kan ɗan benci gwiwa a lanƙwashe, a ɗaure ka da ɗamara biyu, ɗaya a ƙasan haƙarƙari ɗaya a ƙugu. Ta ƙugun an haɗa ta da igiya zuwa inji a ƙarshen gadon. Injin zai ja a hankali, ya riƙe, ya saki, ya sake ja, har minti 20. Nauyina kilo 80 ne, da kilo 20 aka fara min, a hankali aka kai 35. Ranar farko jikina ya ƙi yarda, na ƙanƙame ciki ina jiran zafi. Mai gashin, wani matashi mai haƙuri, ya ɗora min wani ɗan maɓalli a hannu ya ce, "Malam, ka saki jikinka. In ka ji abin da ba ka yarda da shi ba, danna wannan, nan take za ta tsaya."

Ba zan ɓoye ba, a kan gadon nan na ji daɗin da na yi makonni ban ji ba. Wutar da ke bin ƙafata ta lafa, har barci ya ɗauke ni a zama na uku. Sai dai daɗin ba ya kwana. Ina shiga A Daidaita Sahu zuwa gida, ya faɗa rami biyu ko uku, ciwon zai fara dawowa, kafin la'asar ya koma kusan yadda yake. A zama na biyar da aka ƙara nauyin jan, naman bayana ya ɗaure kwana biyu, da ƙyar nake juyawa a kan tabarma. Na faɗa masa, ya rage, hakan bai sake faruwa ba.

Abin da na raina da farko shi ne atisayen da yake koya min bayan an kwance ni. In kwanta rub da ciki in ɗaga ƙirji da hannaye, in kwanta rigingine in ɗaga ƙugu sama, in yi tattaki bayan asuba, in tashi daga keke duk bayan rabin awa. Gani nake don inji na biya kuɗi, wannan kuwa ko a ɗakina zan yi. Amma na lura duk makon da na riƙe atisayen nan safe da yamma, ciwon yana janyewa daga ƙafa yana komawa ƙugu, makon da na yi sakaci kuma injin kaɗai bai hana shi saukowa ba.

Ɗan yayana da ke karatun aikin jinya ne ya gaya min cewa masana sun daɗe suna shakkar amfanin jan baya da inji. Bitar da ƙungiyar Cochrane mai tantance binciken lafiya ta fitar a 2013, wadda ta tattara gwaje-gwaje 32, ta gano jan baya ba ya wani tasiri mai yawa ga ciwon baya, ko da ya sauka ƙafa ko bai sauka ba. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin magani a Ingila ta ce a 2016 kada a riƙa ba da shi, Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2023 ta sa shi cikin abubuwan da ba ta ba da shawarar yi wa mai ciwon baya da ya daɗe ba. Raina ya ɓaci da na ji haka, na je na tambayi mai gashin kai tsaye. Bai yi musu ba. Ya ce, "Gaskiya ne, Malam. Injin ba ya mayar da faifan mazauninsa. Yawanci jiki ne ke rage kumburin da kansa cikin makonni ko watanni. Ina ɗora ka ne don ka sami sararin yin atisayen." Na so a ce tun ranar farko ya faɗa min haka, da zama huɗu ko biyar zan biya, ba 12 ba.

Abu ɗaya da nake yaba masa har yanzu shi ne tambayoyin da ya yi kafin ya taɓa ni: ko ina zazzaɓin dare, ko ina ramewa, ko na taɓa tarin fuka, ko fitsari na kuɓuce min. Tarin fuka yana cin ƙashin baya, kuma akwai shi a cikinmu. Mai irin wannan, da mai karaya, da mai ciwon daji, da mai juna biyu, da dattijon da ƙashinsa ya yi rauni, jan baya zai iya yi musu illa. Wanda kuma fitsari ko bayan gida ya fara kuɓuce masa, ko tsakanin cinyoyinsa ya mutu, asibiti zai nufa a ranar, kada ya tsaya neman inji. Shi ya sa nake jin tsoron wuraren da ke talla a Facebook suna alƙawarin warkewa ba tiyata, su karɓi kuɗin zama 20 kafin su ga hoton bayanka.

Yau wata huɗu ke nan. Na daina zuwa gashi, amma atisayen yana nan safe da yamma. Na sa kafinta ya ɗaga min teburin yanka, nakan sa ƙaramin matashi a bayan kujerar keke, kayan nauyi kuma yara ke ɗauka. Babban yatsana na hagu bai gama dawowa ba, wani lokacin nakan ji shi kamar ba nawa ba. Juma'ar da ta wuce na shiga sahu na yi sallata a tsaye, da ruku'u da sujada, ban nemi kujera ba.