Gida guda ko ɗakunan otal? Ku shida, ku kama gida

Ɗan'uwa, ku kama gida guda. Ku shida ne, Juma'a za ku shiga birnin ku fito Litinin, kuma ka ce kun daɗe ba ku haɗu ba. To ban ga dalilin da zai sa ku cire kuɗinku ku biya don a rarraba ku ɗaki-ɗaki ba. Otal yana da ranarsa, zan zo kanta, amma ba wannan tafiyar ba.

Falo ne ya bambanta su. Birni da rana ake ganinsa, ƙafa ta gaji, magariba ta yi a dawo masauki. Daga nan zuwa tsakar dare shi ne ainihin lokacin da kuka yi tafiyar dominsa, kuma a otal wannan lokacin ba shi da wurin zama. Ko ku cunkushe a ɗakin mutum ɗaya, biyu a bakin gado, ɗaya a kujerar da ke gaban madubi, sauran a ƙasa, ko ku sauka wurin karɓar baƙi ku yi hira cikin raɗa ana wucewa ana kallonku.

Mu mun taɓa kama wani gida a hawa na uku a wani tsohon bene, ba lif, matattakalar katako ce mai ƙara. Ba wani kyau ne da shi ba. Teburin kicin ƙafarsa ɗaya ta fi saura gajarta, sai da muka ninke kwali muka tura ƙarƙashinta. Mai gidan ta bar mana takarda a jikin firji da rubutun hannunta: ga tashar da ta fi kusa, ga irin tikitin da za ku saya na kwana uku don kada ku yi ta biya kowace shiga, ga lokacin da ake fitar da shara, kuma don Allah a ja ƙofar waje da ƙarfi domin ba ta rufuwa da kanta. Ran Asabar aka tsuge da ruwa tun hantsi, duk shirin da muka yi ya rushe. Muka ɗora buta, muka zauna a teburin nan har dare. A nan ne wani abokinmu da ya yi watanni yana amsa mana saƙo da kalma ɗaya ya buɗe baki ya faɗi abin da ke damunsa a wurin aiki, ba wanda ya tambaye shi, hira ce kawai ta kai can. Da a otal muke, da ruwan nan ya fara kowa zai shige ɗakinsa ya kama waya.

Otal kuwa na kwana a cikinsa da abokai, an gyara gado, an canza tawul, ruwan zafi bai yanke ba. Iyakar abin da zan ce ke nan. An ba mu ɗakuna a hawa daban-daban, muka ƙare tafiyar muna tura wa juna "kuna ina?" a WhatsApp.

Batun kuɗi, kada ka kwatanta farashin dare ɗaya da farashin dare ɗaya, nan mutane ke ruɗewa. A otal ku shida ɗaki uku ne, sau dare uku, kuɗin ɗaki tara ke nan. A gida kuwa kuɗin dare uku ne, sai a ɗora kuɗin shara da goge-goge, sai kuɗin hidimar manhajar da ake kama gidan ta cikinta, irin Airbnb, a wasu biranen har da harajin baƙi, sannan a raba shida. Kuɗin sharar nan sau ɗaya ake biyansa ko kwana biyu ka yi ko kwana goma, shi ya sa yake da nauyi ga mutum biyu masu gajeriyar tafiya, amma idan aka raba shi shida ba ya wani ciwo. Ka danna har shafin ƙarshe kafin biya, jimillar da ka gani a can ita ce gaskiya, da ita za ka kwatanta. Yawanci daga mutum huɗu zuwa sama gida ne ke fin sauƙi. Ga kuma kicin: ko karin kumallo kaɗai kuka haɗa da kanku kun rage wani abu, kuma mai tashi da asuba ba sai ya jira kowa ba. Ban ce ku je ku ɓata hutunku a gaban murhu ba.

Amma fa gidan sai an zaɓa da ido biyu, domin gida mara kyau ya fi otal mara kyau wahala, ba wanda za ka sauka ka yi wa ƙorafi ya canza maka ɗaki. Fara da ƙirga banɗaki kafin ɗakin kwana. Mutum shida da banɗaki ɗaya, idan kowa ya ɗauki minti ashirin, awa biyu ke nan kullum da safe kafin ku taka waje, kuma a cikin kowace tawaga akwai wanda minti ashirin ba ta isarsa. Banɗaki biyu shi ne mafi ƙaranci. Sai gado. Idan aka rubuta gida yana ɗaukar mutum shida, sau da yawa gado biyu ne manya da doguwar kujerar falo da ake warewa ta zama gado. Ma'ana mutum biyu za su kwana a falon da kuke son yin hira, ba su da halin kwanciya sai kowa ya tashi, kuma su za a fara tayarwa da safe. Ka ƙirga gadajen a hoto da idonka, ka tambayi mai gida a rubuce ko akwai guda-guda.

Sai unguwa. Gida babba mai araha a bayan gari tarko ne ga masu kwana uku: abin da kuka rage zai tafi a tasi, kuma ku shida mota ɗaya ba ta ɗaukarku, kullum biyu za ku kira. Ka buɗe taswira ka auna tafiyar ƙafa daga gidan zuwa tashar jirgin ƙasa ko ta bas. Idan ta wuce minti goma, ka duba wani. Gara ƙaramin gida a tsakiyar gari, wanda ya gaji ya koma ya kwanta ba tare da ya ja kowa ba.

Inda otal ya yi wa gida fintinkau shi ne shiga da fita, wannan dole in yarda. Wurin karɓar baƙi a buɗe yake dare da rana, wanda jirginsa ya makara ya iso ƙarfe biyu na dare zai samu mai ba shi makulli. Ran Litinin kuma, da kun fita daga ɗaki wajen sha ɗaya ko sha biyu, za su ajiye muku jakunkuna har yamma. A gida ba haka ba ne. Shiga sai ƙarfe uku ko huɗu na yamma, fita ƙarfe goma ko sha ɗaya, masu shara na jira a ƙofa, kuma makulli sau da yawa ɗaya ne ko biyu ga mutum shida. Maganinsa ka nemi gidan da ake buɗewa da lamba ko mai akwatin makulli a waje, ka kuma tambaya tun yanzu ko za a bar ku ku ajiye kaya. Idan an ƙi, manyan tashoshin jirgin ƙasa da dama suna da akwatunan ajiya na haya. Tunda Litinin ta shigo maganar, kada ku bar gidajen tarihi sai ranar ƙarshe, da yawansu a Turai ba sa buɗewa ran Litinin. Louvre na Faris kuwa Talata yake rufewa.

Akwai biranen da doka ce za ta yanke muku hukunci, ba ni ba. A Niyok tun watan Satumban 2023 ba a ba da hayar gida sukutum na ƙasa da kwana 30. Dole mai gidan ya kasance a ciki, kuma baƙi kada su wuce biyu. A Amstadam gidan haya na 'yan hutu ba ya wuce mutum huɗu, ku shida kun riga kun fita daga lissafi. A Landan mai gida dare 90 yake da shi a shekara sai dai in ya nemi izini na musamman. Basalona ta sanar a 2024 cewa za ta daina sabunta lasisin gidajen baƙi, kusan 10,000, zuwa ƙarshen 2028, don haka a can ka tabbata akwai lambar lasisi a jikin tallar. Idan Niyok ko Amstadam kuka nufa, ku kama otal kawai, ku roƙa a ba ku ɗakuna a jere. Kuma duk mai gidan da ya ce ka rubuta mutum huɗu sauran su shigo a ɓoye, ko ku ce wa maƙwabta ku 'yan'uwansa ne, ka rabu da shi. Ranar da aka kama, ku ne za ku tsaya a titi da jakunkuna. Haka nan hayaniya: Airbnb ta hana shagali a gidajenta tun 2020, ta mayar da hanin na dindindin a 2022, kuma a ƙasashe irin Jamus daga ƙarfe goma na dare doka ta ce a yi shiru. Hirar mutum shida idan ta yi daɗi tana kai wa bene na sama, ku rufe taga.

Ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa, domin 'yan damfara sun fi son masu tafiyar rukuni: kuɗin da yawa, kuma kowa yana zaton wani ya bincika. Kada ka biya ko sisi a wajen manhajar da ka ga gidan. Za a ce maka ka turo kai tsaye a rage maka kuɗin hidima, ko a ce akwai wani da ke son gidan yanzu-yanzu, ka ba da kafin alƙalami a riƙe maka. Manhaja irin Airbnb tana riƙe kuɗin ne, ba ta sakar wa mai gida sai kamar kwana ɗaya bayan kun shiga, kuma wannan riƙon shi ne kaɗai kariyarka. Da ka tura ta asusun mutum, ka yi sallama da su. Gidan da ka gani a Facebook ko Instagram da hotuna kamar fada da farashi kamar kyauta, ka saka hoton a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya fito a intanet, sau da yawa za ka same shi a wani gari can daban da sunan wani.

Akwai wata dabarar da ta fi wannan wayo. Ana saura kwana ɗaya ko ma kuna hanya sai a kira ka a ce famfo ya fashe, amma kada ka damu, akwai wani gida da za a kai ku. Wancan na hoton ƙila ma babu shi, na biyun ne ake son cusa muku. Ko a ce ka soke da kanka za a mayar maka da kuɗi. Kada ka soke. Idan kai ka danna, ƙa'idar sokewa kanka za ta hau, shi ya tsira. Ka ce shi ya soke, kuma duk maganar ta kasance a rubuce a cikin manhajar. Idan kun shiga kun ga abin ya saɓa wa talla, ka ɗauki hoto ka kai ƙara nan take, Airbnb awa 72 take bayarwa daga lokacin da ka gano matsalar. Ka ɗauki bidiyon gidan ranar shiga da ranar fita, saboda masu ƙirƙiro ɓarna bayan an tafi. Kyamara a cikin gida kuwa kamfanin ya haramta ta gaba ɗaya tun Afrilun 2024, idan ka gani ba abin tattaunawa ba ne. Masu kama otal ma ba su tsira ba: saƙo yakan zo kamar daga otal ɗin, a ce ka sake shigar da lambar katinka cikin awa kaɗan ko a soke maka ɗaki. Kada ka taɓa mahaɗin da ke cikin saƙon, ka nemo lambar otal ɗin da kanka ka kira. Sharhin baƙi kuma ka karanta na watannin baya-bayan nan, ka fara da masu tauraro uku, su ne suka fi faɗin gaskiya.

Saura tsakaninku, tunda da alama kai ne za ka yi kamun. Kada ka saka katinka sai kowa ya turo kasonsa, kuma ku yi magana a fili cewa wanda ya fasa bayan wa'adin sokewa ya wuce, kasonsa ya tafi. A otal mai fasawa ɗakinsa kawai ake sokewa, a gida nauyinsa kan sauran biyar yake faɗawa, kuma a nan zumunci ke tsami. Ɗakuna ku yi musu ƙuri'a tun kafin ku tashi, wanda ya samu babba mai banɗaki a ciki ya ɗan ƙara wani abu, mai minshari a ba shi na ƙurya ba tare da an ja maganar ba. Kashe-kashen hanya ku zuba su a Splitwise, manhajar raba kuɗi tsakanin abokai, ko a takarda ɗaya, a yi lissafi daren Lahadi kowa yana zaune.

Ka tace bincikenka haka: gida sukutum, ɗaki uku, banɗaki biyu, sokewa kyauta, mai gida da ya daɗe yana karɓar baƙi. Ka zaɓo biyu kacal ka tura musu, ka ce zuwa gobe da daddare wanda bai yi magana ba ya amince. Idan ka tura musu goma, hutun zai zo ya wuce kuna jefa ƙuri'a.