Injin niƙa nama na hannu, lamba 12: yana rage kuɗin abincin maguna, amma ba kowane ƙashi yake ci ba

Injin da nake magana a kai shi ne wannan na ƙarfe da ake ɗaurewa a bakin tebur a riƙa juya hannunsa, irin wanda masu yin samosa ke amfani da shi. Ba shi da sunan kamfani, sai lamba 12 da aka zuba a jikin ƙarfen da wani ɗan rubutu mai nuna cewa daga Sin aka kawo shi. A layin masu kayan kicin na kasuwar Sabon Gari, nan Kano, na saye shi, kuma abin da na biya bai kai kuɗin ƙaramin buhun abincin mage na waje guda biyu ba. Ni ba don samosa na saya ba. Maguna uku gare ni, muzuru ɗaya da mata biyu, kuma tun da aka saki darajar naira a tsakiyar 2023 abincinsu na kanti ya fi ƙarfin albashin malamar makaranta.

Cikin kwalin akwai gangar jikin injin, da murɗaɗɗen ƙarfen da ke tura nama gaba, da wuƙa mai baki huɗu, da faranti biyu masu ramuka, ɗaya manya ɗaya ƙanana, sai zoben da ke ɗaure su da hannun juyawa. Haɗa shi ba wuya, in dai an lura cewa gefen wuƙar mai kaifi shi ke kallon farantin. Mai shagon ya ce min, "Hajiya, wannan har ƙashin saniya yana ci." Na ce, "Malam, na kaza ma in ya ci na gode Allah." Maganar 'yan kasuwa ce, kada kowa ya ɗauka.

Ga abin da yake ci da gaske. Tsokar cinya, zuciya, hanta da fata, duk suna wucewa salin alin, muddin an yanka su ƙanana kuma suna da sanyi sosai, sun fara daskarewa amma ba su zama dutse ba. Idan naman ya saki jiki da zafin gari, sai ya riƙa dagwargwajewa a ciki maimakon ya yanku. Ƙundu yana so a ɗan sa ƙarfi. Wuya da fiffiken kajin gidan gona, waɗanda ake yankawa suna da sati shida zuwa takwas, ƙashinsu bai gama ƙwari ba, injin yana murƙushe su da babban faranti. Amma kazar Hausa ko tsohuwar kazar ƙwai da ta gama aiki, wannan wani labari ne daban. Juya hannun sai ya koma kamar tuƙin tuwon biki, tebur yana rawa, maɗaurin yana cin katako, daga ƙarshe kuma a tsinci tsinin ƙashi a cikin niƙan wanda ba zan yarda ya shiga cikin dabbata ba. Abin takaicin, tsofaffin kajin nan su ne masu arha.

Saboda haka na daina saka masa ƙashi gaba ɗaya, kuma ban yi asarar komai ba. Amfanin ƙashi a abincin mage shi ne kalsiyam, domin tsoka zalla cike take da fosfaros, kalsiyam ɗinta kuwa kaɗan ne ƙwarai. Ɗan kyanwar da aka raina da tsoka kaɗai ƙasusuwansa kan yi laushi, ya riƙa ɗingishi, wani ma ya karye daga tsallen da bai kai ya kawo ba. Ɓawon ƙwai yana maye gurbin ƙashin, kuma kyauta ne. Mai shayin bakin layinmu yana fasa ƙwai tun asuba har dare, na roƙe shi ya riƙa tara min ɓawon a leda. Ina tafasa shi, in shanya ya bushe ƙarau, in daka a ƙaramin turmi har ya zama gari, in tankaɗe. Cokalin shayi ɗaya a shafe, da ɗan ƙari kaɗan, shi ake sa wa kilo ɗaya na naman da ba ƙashi. Da farko mai shayin ya ɗauka wani haɗin mata nake yi, da ya ji na mage ne ya yi dariya har ya kusa ƙona Indomie.

To idan ba ƙashi, me ya rage wa injin? Abin da ya sa har yanzu nake cewa kuɗina bai tafi a banza ba shi ne yana hana mage zaɓe. Duk mai kyanwa ya san halinta. A zuba mata yankakken nama, sai ta tsince hanta tas, ta lashe romo, ta bar ƙundu da fata ta yi tafiyarta. Muzuruna kuwa in aka bar shi zai rayu a kan hanta har ƙarshen ransa, alhali hanta in ta yi yawa bitamin A ɗinta kan taru a jiki ya sandarar da ƙasusuwan wuya da gadon baya. Da niƙa, kowace loma tana ɗauke da rabonta na komai. A kilo ɗaya nakan sa tsokar cinya da fatarta kamar giram 650, zuciya 200, ƙundu 100, hanta 50 kacal, sannan garin ɓawon ƙwai da gwaiduwa ɗaya ko biyu. Kyanwa mai nauyin kilo huɗu tana cin tsakanin giram 120 zuwa 160 a rana, wato maguna ukun nan suna tashi da wajen kilo uku a mako. Zuciya da ƙundu a wajen masu figar kaji nake samu, su da ke yi wa gidajen abinci da masu biki yanka da yawa. Wanda ya je da sassafe ya saba da su, za su riƙa ware masa. In kaza ta yi tsada nakan leƙa Abbatuwa in sayi zuciyar sa, ita ma tana niƙuwa lafiya in an cire jijiyoyin samanta. Jijiya ce babbar abokiyar gabar injin nan, tana nannaɗe wuƙar har ya daina fitar da komai, dole a kwance zobe a tsince ta da hannu.

Akwai wani sinadari da ba a wasa da shi, torin, wanda a jikin kwalba za a ga an rubuta Taurine. Jikin mutum da na kare suna iya haɗa nasu, na mage ba ya haɗa wanda zai ishe ta, dole ta samu daga nama. A 1987 masu bincike a jami'ar Kalifoniya da ke Davis, a Amurka, suka gano cewa ƙarancinsa ne ke sa zuciyar maguna ta buɗe ta yi sanyi har ta kasa harba jini, kuma tun kafin nan an san yana lalata ido har ya kai ga makanta. Ba ya nuna kansa da wuri, kyanwa na cin abincinta tana wasa, sai bayan watanni a ga tana haki. Zuciya da cinya sun fi ƙirji yawan torin, shi ya sa ban damu da tsokar ƙirji ba, ga ta da tsada kuma. Torin yana narkewa a ruwa, don haka jinin da ke tsiyaya lokacin niƙa da romon da aka dafa naman duk a cikin abincin suke komawa, ba na zubar da ko cokali. Ƙaramin farantin nan mai ƙananan ramuka ma na ajiye shi, yana matse ruwan nama da yawa, kuma maguna sun fi son abin da za su ɗan tauna. Duk da haka ina barbaɗa garin torin na kwalba bisa awon da likitan dabbobi ya ba ni. Kwalba ɗaya tana daɗewa.

Masu kiwon mage a Turai da Amurka da yawa ɗanye suke bayarwa, kuma don haka ma suke sayen irin wannan injin. Ni ina dafawa, kuma ina ganin duk wanda ke zaune a inda nake ya kamata ya dafa. A watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40, wuta kuma sai ta ga dama take zuwa, firiza ta narke ta sake daskarewa ba wanda ya sani. Ƙwayoyin cutar salmonela da ake samu a ɗanyen nama ba sa mutuwa da sanyi, ga yara suna rarrafe kusa da kwanon mage. Sannan ga murar tsuntsaye, wadda ba baƙuwarmu ba ce, domin nau'inta mai tsanani da ake kira H5N1, a wata gonar kaji a jihar Kaduna aka fara tabbatar da ɓullarsa a Afirka cikin Fabrairun 2006. Tana kama maguna, tana kuma kashe su: an gani a Foland a 2023, kuma a ƙarshen 2024 wata kyanwar gida ta mutu a jihar Oregon ta Amurka bayan ta ci daskararren ɗanyen abincin da aka saya a kanti. Dafa nama har tsakiyarsa ya kai digiri 74 yana kashe waɗannan duka. Ina niƙawa, in zuba a tukunya da ruwa kaɗan, in juya har jan ya ɓace, in sauke ya huce, sannan in zuba garin ɓawo da torin, in ƙulla a leda-leda na kwana ɗaiɗai. Ba gishiri, ba magi, ba albasa, ba tafarnuwa. Albasa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin mage, wannan ne ma ya sa ba na jin daɗin ganin ana juye mata ragowar shinkafa da miya a ce ai ta ci.

Ba zan ce haɗin nan ya cika ba. A 2019 waccan jami'ar ta Davis ta auna girke-girke 114 na abincin mage da ake yawo da su a littattafai da intanet, ba a samu ko ɗaya da ya cika duk abin da jikin kyanwa ke buƙata ba. Bitamin E da B1 da zinki da sinadarin ƙarfe suna cikin waɗanda aka fi rasawa. Shi ya sa ban rabu da abincin kanti kwata-kwata ba, ina ba su shi da safe ɗan kaɗan, na gida da yamma, buhun da a da yake ƙarewa nan da nan yanzu yana jan lokaci. 'Yan jariran mage da mai ciki da mai ciwon ƙoda kuwa, a kai maganarsu wurin likita kafin a fara gwaji a kansu.

Wanke injin ya fi niƙan cin rai. Sai an kwance shi gaba ɗaya, a bi ramukan farantin da tsinken sakace, a wanke da ruwan zafi da sabulu, a goge, a ɗora a rana. Idan ya kwana da danshi, da safe tsatsa ta fito a wuƙa da faranti, don haka nakan shafa musu man gyaɗa in naɗe a takarda. Niƙan farko kuma yakan fito da wani baƙi-baƙin maiƙon masana'anta, gara a fara tura busasshen burodi ya share cikin. Maɗaurinsa gajere ne, bai kama kantar siminti ta kicin ɗina ba, a kan benci nake ɗaure shi in sa yarinyata ta zauna a ɗaya gefen.

Mai kyanwa ɗaya tal ba ya buƙatarsa, wuƙa mai kaifi da katako sun ishe shi. Mai biyu zuwa sama zai more shi. Akwai na alminiyam mai sheƙi da ya fi arha, na ɗaga shi a shagon na ji ba nauyi na mayar, na ƙarfen ya fi. Kafin a biya, a sa mai shago ya kwance shi, a ɗora wuƙar a kan farantin a ɗaga sama a duba: in haske yana ratsawa tsakaninsu ba zai yanka ba, sai dai ya dama, a ce ya canza wani. A kuma sayi wuƙa ta biyu tun a ranar, domin ba ko yaushe ake samun ta lamba 12 ita kaɗai ba.