Shekara biyu da Director da harshen Lingo: abin da na gani

A shekarar 2007 wata makarantar firamare mai zaman kanta a Zariya ta ba ni aikin haɗa faifan CD na koya wa yara baƙaƙe da ƙirga da Hausa. Abin da shugabar makarantar ta nema ba shi da yawa a baki: yaro ya danna harafi ya ji an faɗe shi, ya ja hoton akuya ya ajiye a kan "a", idan ya dace a yi masa tafi. Kwamfutocinsu goma sha biyu ne, duk 'yan gwanjo, babu intanet. Na zaɓi Director MX 2004, manhajar haɗa hoto, murya da motsi, na zauna da shi kusan shekara biyu, kuma har yau ban taɓa aiki da manhajar da ta koya mini shirya umarnin kwamfuta kamarsa ba.

Director ba sabon abu ba ne ko a wancan lokacin. Kamfanin MacroMind ne ya fara fitar da shi a 1985 da sunan VideoWorks, a kan kwamfutar Macintosh, daga baya kamfanin ya haɗe da wasu aka sami Macromedia a 1992. Harshen umarnin da ke cikinsa, Lingo, John Henry Thompson ne ya ƙirƙiro shi, mutumin da ya yi karatu a jami'ar MIT a Amurka. An gina manhajar ne bisa tsarin shirya fim. Akwai dandali, wanda suke kira Stage, inda mai kallo ke ganin komai. Akwai akwatin 'yan wasa, Cast, inda kake tara hotuna, muryoyi, bidiyo da rubuce-rubucen umarni. Sai jadawali, Score, wanda ke nuna wane ɗan wasa ne zai fito, a wane layi, daga wane firam zuwa wane firam (firam shi ne hoto ɗaya cikin jerin hotunan da ke zama fim). A ranar farko na ɗora hoton akuya ta bi ta kan dandali tana kuka, ban rubuta layi ɗaya na umarni ba.

Wannan sauƙin gaskiya ne, amma a nan wahalar ta ɓuya. Fim gaba yake yi, ba ya jiran kowa, ni kuwa ina son ya tsaya ya jira ɗan shekara shida ya gama tunani. Don haka abu na farko da kowane mai Director ke koya shi ne ya ɗaure fim ɗin a wuri guda: a cikin `on exitFrame` ka rubuta `go to the frame`, sai ya yi ta zagaye a firam ɗaya. Daga nan duk wani motsi ya koma hannun Lingo. Ni kuma a watannin farko na warwatsa umarnina ko'ina, wasu a jikin hoto, wasu a jikin firam, wasu a babban rubutun fim, duk na ɗaure su da ma'ajiyoyin bai-ɗaya, wato wuraren ajiye bayani kamar makin yaro waɗanda kowane rubutu ke iya taɓawa, da ake buɗewa da kalmar `global`. Sun kai arba'in. Idan ka manta ka ambaci ɗaya a saman rubutun da kake ciki, Lingo zai ɗauka wata sabuwa ce ta cikin gida, makin yaro ya shiga can ya ɓace, babu ko ƙorafi. Da aikin ya kai darasi takwas, in na gyara nan sai can ya ɓaci.

Abin da ya cece ni shi ne tsarin gina manhaja da abubuwa masu cin gashin kansu, kowane abu da siffofinsa da ayyukansa. A Lingo ana yin haka da rubutun uwa. Ni dai kwamin buga bulo nake ganinsa: kwami ɗaya, bulo ɗari, kowanne a ajiye shi inda ake so. Ga na katin harafi kamar yadda na rubuta shi:

```
property pHarafi, pMurya
on new me, harafi, murya
  pHarafi = harafi
  pMurya = murya
  return me
end
```

Duk sanda na kira `new`, sai a haifi kati guda mai riƙe da harafinsa da muryarsa. Katin "ba" bai san abin da ke cikin katin "ta" ba, kuma ba ruwansa. Ma'ajiyoyin bai-ɗaya arba'in suka dawo uku. A littattafan da na karanta kafin nan, wannan tsari bayani ne kawai a takarda, a nan kuwa ina ganin abin da idona yana tafiya a dandali, in canza masa siffa ta taga mai suna Message ya canza nan take. Wannan taga ita kaɗai ta isa a yaba wa Director. Ka rubuta `put` da sunan abu, ta gaya maka abin da ke cikinsa alhali fim na tafiya.

Amma layin nan na `return me`, wanda ke miƙa sabon katin ga wanda ya nema (`me` shi ne sunan da abu ke kiran kansa), kada a raina shi. Na taɓa share shi cikin kuskure wajen gyara, katuna suka daina haihuwa, ma'ajiyar ta zama VOID, wato wayam. Saƙon kuskuren bai fito a wurin da na yi ɓarnar ba, ya fito ne can gaba, a wani rubutu dabam, lokacin da aka nemi katin ya yi magana. Yini guda na yi ina tonon inda ba nan ba ne.

Gado ma akwai shi, ta hanyar wata siffa ta musamman mai suna `ancestor`. Ka haifi abu daga rubutun kaka, ka ajiye shi a cikin wannan siffar, shi ke nan. Duk saƙon da ya zo wa ɗa bai san shi ba, sai ya miƙa wa na sama da shi, kamar yaron shago da aka tambaya farashin da bai sani ba ya ce bari a kira maigida. Na yi kaka guda mai kula da ja da ajiyewa, katin harafi da katin lamba da katin hoto duk suka gaje shi. Tsarin yana da daɗi domin kakan ma abu ne mai rai, kana iya sauya shi ana cikin aiki. Inda ake tuntuɓe shi ne siffofin da aka gada: a cikin rubutun ɗa ba ka kiran su da sunansu kai tsaye, sai ka bi ta `me`. Ka manta da wannan, Lingo ya ɗauke su baƙin ma'ajiyoyi. Kuma babu wata katanga ta gaske tsakanin abubuwa, kowane rubutu na iya sa hannu cikin siffar wani ya canza ta. Ladabin mai rubutu ne kaɗai ke hanawa.

Matsalar da ta fi ƙona mini rai a gaban yara ta bayyana. Ranar gwaji na farko, yaron farko ya zauna ya gama wasan baƙaƙe lafiya lau, aka tafa masa. Wata yarinya ta hau kujerar bayansa, ta danna, dandali fari fat. Ta juyo ta ce, "Malam, nawa ba ya kawowa." Malamar ajin ta matso tana tambaya ko sai an kashe an kunna. Aka kashe aka kunna ya dawo, yaro ɗaya ya yi, na biyu ya sake samun wayam. Da dare na gano dalili. Ina da babban jeri na baƙaƙe duka, a farkon kowane wasa ina zuba shi a wata ma'ajiya, ina cire harafi ɗaya-ɗaya yayin da yaro ke cinyewa. Na ɗauka kwafi nake yi. Ashe a Lingo idan ka ce wannan ma'ajiya daidai take da wancan jeri, suna na biyu kawai ka raɗa wa jeri ɗaya. Yaron farko asalin jerin yake cinyewa. Kalma ɗaya, `duplicate`, ta warware komai.

Ta biyu ta fi wannan ɓoyewa. Director yana da wani jeri mai suna `actorList`: duk abin da ka sa a ciki, ana aika masa saƙon `stepFrame` a kowane firam, da haka yake motsi ba tare da jadawali ba. Ni da shi nake sa taurari su yi rawa idan yaro ya ci. Abin da ban kula da shi ba shi ne jerin ba ya share kansa, ko da ka tsallaka zuwa wani fim. Yaro ya koma shafin farko ya sake shiga, sai a haifi sababbin taurari a kan tsofaffin da ba a gani amma suna nan suna aiki. Bayan rabin awa kwamfuta ta fara jan ƙafa, tafi ya riƙa fitowa sau biyu, sau uku, a kan juna. Da na share jerin abin ya ragu amma bai ƙare ba, domin Lingo yana kawar da abu daga ƙwaƙwalwar kwamfuta ne kawai idan babu sauran mai riƙe da shi. Shugaban wasana yana riƙe da jerin katuna, kowane kati kuma yana riƙe da shugaban don ya kai masa rahoto. Sun riƙe hannun juna, don haka ko na sallame su babu mai tafiya. Dole na rubuta wa kowane rubutun uwa wani aiki da na sa wa suna `rushe`, wanda ke sa kowa ya saki kowa kafin a fita. A injin da nake aiki da shi a gida ban taɓa ganin wannan ciwo ba. Tsofaffin kwamfutocin makarantar ne, masu ƙaramar ƙwaƙwalwa, suka tona shi.

Akwai kuma rigimar wa ke da iko, jadawali ko umarni. Tun Director 6 aka kawo rubutun ɗabi'a, wanda kake mannawa a jikin hoton da ke dandali, kuma shi ma abu ne mai siffofinsa. Amma ransa a hannun jadawali yake: da zarar zangon hoton ya ƙare a Score, ɗabi'ar ta mutu da duk abin da ta riƙe. Na ajiye makin yaro a irin wannan wuri sau ɗaya, bai sake faruwa ba. Haka nan saƙon danna linzami yana da hanyar da yake bi, daga ɗabi'ar hoto, zuwa rubutun ɗan wasa, zuwa na firam, zuwa na fim, kuma yana tsayawa a matakin farko da ya sami mai amsa shi sai in an ce `pass`. Wanda bai haddace wannan jerin ba zai yi ta mamakin maɓallin da ya ƙi ji.

Ƙananan abubuwa ba zan daɗe a kansu ba. Raba cikakkiyar lamba da cikakkiyar lamba yana ba da cikakkiya, don haka yaron da ya ci bakwai cikin goma ya ga sifili bisa ɗari har sai da na sa `float`, wanda ke barin lamba ta ɗauki ɗigo. Jiran murya ta ƙare da `repeat while` yana daskarar da dandali gaba ɗaya. Kuma salon rubuta umarni iri-iri ne: tsohon salo mai kama da jimlar Turanci, salon ɗigo da ya zo da Director 7, ga JavaScript, wani harshen umarni dabam, da aka ƙara a MX 2004. Misalan da nake samu a kafen intanet kowanne da nasa salo, jerin Lingo daga 1 yake farawa, na JavaScript daga 0. Na tsaya a kan salon ɗigo ban waiwaya ba.

Abin da ya shafe mu mu Hausawa kai tsaye shi ne baƙaƙe masu lanƙwasa. Fitowar da na yi aiki da ita ba ta san Unicode ba, tsarin da ke ba kwamfuta damar gane baƙaƙen harsuna dabam-dabam, sai a Director 11 na 2008 aka kawo shi. Manhajar koyar da baƙaƙen Hausa kuwa ba ta yiwuwa babu ɓ, ɗ da ƙ. Yaro ba zai koyi "kofa" a madadin "ƙofa" a hannuna ba. Dabarar da na yi ita ce na gyara wani fayil na zanen baƙaƙe, wato font, na zana ƙ a gurbin q, ɓ a gurbin v, ɗ a gurbin x, tunda bokon Hausa ba ya amfani da su, sannan na cusa shi cikin akwatin 'yan wasa, abin da Director ya yarda a yi. A dandali komai ya fito tsaf. A cikin umarni kuwa "qofa" da "xaki" nake rubutawa, kuma duk malamin da zai ƙara kalmomi sai na zauna na koya masa wannan. Da ma ina da rubutun uwa guda da ke kula da kalmomi, don haka sauyin a wuri ɗaya ya tsaya.

Hukuncina shi ne, a zamaninsa ban ga abin da ya kai shi haɗa hoto, murya da umarni a fayil guda da zai tashi daga faifai ba tare da an girka komai ba. Rauninsa shi ne yana barin mutum ya yi nisa cikin hargitsi kafin ya ji a jikinsa, kuma kusan duk ciwon kan da na sha a kan rayuwar abubuwa ne: wa ya haife su, wa ke riƙe da su, yaushe za su tafi. Da zan sake aikin, da jadawalin bai wuce firam biyar ba, sauran duk rubutun uwa ne tun ranar farko.

Ba zan ce wa kowa ya fara sabon aiki da shi yau ba. Adobe ta sayi Macromedia a 2005, ta fitar da Director 12 a 2013, ta daina sayar da shi a 2017, sannan Shockwave, wanda ke kunna ayyukan Director a intanet, ya tsaya a 2019. Amma wanda ke da tsofaffin fayiloli a ajiye, ya nemi asalin fayil ɗin aikin ya adana tare da muryoyi da hotuna dabam, kada ya dogara da faifan da aka riga aka rufe. Nawa suna nan a wata tsohuwar laftof mai Windows XP da na ƙi sayarwa. A hutun da ya wuce na kunna wa ƙaramar 'yata, ta ja akuya ta ajiye a kan "a", aka tafa mata sau ɗaya, ta ce in ba ta na ƙirga.