Na sa wa Sienna ta sabbin shokazoba na KYB, ga yadda na same su

Wallahi na daɗe ina ɗora wa hanya laifi ashe rabin matsalar a ƙarƙashin motata take. Sienna ce 2008, kusan duk wata sai na bi Abuja zuwa Jos ta Keffi da Akwanga, to in ta faɗa rami ɗaya sai ta yi ta lilo sau uku sau huɗu kafin ta nutsu, Hajiyarmu tana baya ta riƙe mariƙin saman ƙofa da hannu biyu, ga ta da ciwon baya. Da muka isa gida sai ta ce "kai Baba na, gaba a tashar mota za ka sa ni." Abin ya tsaya min a rai sosai.

Na kai wa bakanikena a Apo, ya danna bayan motar da ƙarfi ya saki tana ta rawa, ya haska min tocila na ga mai ya jiƙe jikin shokazoba sharkaf har ƙura ta manne. Shi ya fahimtar da ni cewa sifirin ne ke ɗaukan nauyi yana shanye dukan rami, amma shi kaɗai ba ya iya daina tsalle, shokazoba ce ke tsayar da shi. A cikinta akwai mai da fistin mai ƙananan ƙofofi, man sai ya matsa ta ƙofofin nan da ƙyar, wannan matsin ne ke kashe lilon. In man ya zube shikenan ƙarfe kawai kake ɗauke da shi.

Baljiyam na so saya saboda sauƙi, bakanikena ya ce "Alhaji, wanda ya ciro ta a can ma ai don ta gaji ne." Sai na daure na sayi KYB Excel-G guda huɗu, 'yan Japan ne kamfanin, kuma irin mai gas ce, naitirojin ɗin ciki na hana man yin kumfa in ya yi zafi a doguwar gargada. Aka yi alaimen bayan an ɗaura.

Gaskiya satin farko na ji ta ɗan yi tauri, ƙananan faci-facin kwalta kana jin su fiye da da. Sai muka duba taya ashe mai faci ya bankaɗa mata iska har 50, alhali takardar jikin ƙofar direba 35 ta ce. Muna ragewa motar ta koma wata aba daban.

Tafiyar da muka yi bayan nan a kwanonin Hawan Kibo ba ta kwantawa gefe kamar da, birki ma ba ta dungura hanci. Hajiya tun Akwanga barci ya ɗauke ta, sai da muka shigo Bukuru na tashe ta. In za ku saya dai ku je da bakaniken da ya san kaya don jabu sun yi yawa a kasuwa, kuma a canza bibbiyu, hagu da dama tare.