Inshorar lafiyar iyaye a Kumasi da batun tsohon ciwo

Akwai wani kamfanin inshorar lafiya mai zaman kansa da wakilansa ke zagaya unguwannin Aboabo da Asawase a Kumasi suna tallata tsarin da suka ce an yi shi domin kula da iyaye. Na sa mahaifiyarmu a ciki, kuma ra'ayina shi ne tsarin ya dace da dattijon da ya shiga da ƙoshin lafiyarsa, amma wanda ya daɗe yana shan maganin hawan jini ko na ciwon suga bai kamata ya saki jiki da shi ba.

Wajen hidimar yau da kullum ba su da laifi. Ana karɓar katinsu a asibitocin kuɗi ba tare da dogon layi ba, ana biyan kuɗin wata ta MoMo, wato tura kuɗi ta wayar hannu, kuma lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da Hajiya sun biya gwaji da magani.

Inda gizo ke saƙar shi ne shafi na biyu na fom ɗin shiga. A nan aka rubuta, da ƙananan haruffan da sai an sa tabarau, cewa duk ciwon da likita ya gano kafin ranar shiga ba za a biya jinyarsa ba sai bayan watanni 12, tare da duk wata larurar da ta samo asali daga gare shi. Wannan ƙarin na ƙarshe shi ne ya cinye alkawarin, domin shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda da raunin gani duk ana iya danganta su da hawan jini ko suga. Wakilin da ya zo gida cewa kawai ya yi, "Hajiya, ki dangwala a nan, babu komai," alhali ɓoye ciwo a fom yana ba kamfani damar soke yarjejeniyar a ranar da aka fi bukatarta.

Doguwar jinya kuwa, wato mai kula da majinyaci a gida da gashin ƙashi da keken guragu, ba ta cikin tsarin ko bayan wa'adin ya cika. Ko a Amurka inshorar doguwar jinya daban ake sayenta, kamfanoni kan ƙi karɓar wanda ya taɓa shanyewar jiki ko ya fara ciwon mantuwa, kuma dokar lafiya ta 2010 da ta hana kore mai tsohon ciwo ba ta shafe ta ba. Jamus a 1995 da Japan a 2000 sun kauce wa matsalar ta hanyar wajabta inshorar.

Shirin inshorar lafiya na gwamnatin Gana, wato NHIS, wanda aka kafa a 2003, ba ya tambayar tarihin ciwo, yana ɗaukar hawan jini da suga, ya kuma yafe wa masu shekara 70 zuwa sama kuɗin gudummawa, ko da yake shi ma ba ya biyan mai jinya a gida. Don haka na ci gaba da sabunta katin NHIS na Hajiya ta hanyar danna *929# a waya. Wanda zai ƙara da na kamfanin ya nemi a rubuta masa sunayen cututtukan da aka cire kafin ya biya sidi ɗaya, ya kuma tabbatar kamfanin yana da lasisin hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIA, wadda dokar 2012 ta ɗora wa sa ido kan irin waɗannan kamfanoni.