Ragar inuwa da na saya a Injamena: yadda ta yi mana a hanyar Faya

Jama'a masu bin hanyar arewacin Chadi, musamman masu zuwa Faya ɗauko dabino da direbobin da kan yini a daji in mota ta ba da matsala, ga abin da na gani game da koriyar ragar nan da masu renon itatuwa ke rufe wa dashensu. Yanzu ana sayar da ita da mita a shagunan kayan gini na Injamena, har Kuseri ta Kamaru ma na ganta. Da ita na haɗa rumfar tafiya, mun yi amfani da ita a hunturu mun kuma yi a bazara, kuma gaskiyar magana in inuwa kake nema a rairayi ta fi bash, wato tamfol, nesa ba kusa ba. Amma fa tana da nata aibu, kuma ragar ita kaɗai ba rumfa ba ce, rabin aikin yana wajen abin da za ka ɗaure ta da shi.

Da ma bash muke amfani da shi kaman kowa, shuɗin nan na leda. Duk wanda ya taɓa zama ƙarƙashinsa da azahar a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 ba wasa, ya san abin da nake faɗa. Inuwa kam akwai, amma ledar tana shan rana ta yi zafi ta dinga sako maka shi a ka, iska ba ta ratsa ta, sai ka ji kaman an kife ka da murfin tukunya a kan wuta. Wannan ma da sauƙi, babbar matsalar ita ce iska. Daga ka wuce Musoro, wajen kilomita 300 daga Injamena, ka bi ta Salal da Kuba Olanga ka shiga tudun rairayin Jurab, itace sai ɗai-ɗai, wani wurin ma babu ko ɗaya, kuma iskar da ke can ba irin ta gari ba ce. Tana fitowa ne daga arewa maso gabas ta matse tsakanin duwatsun Tibesti da na Enedi sannan ta sauko da ƙarfi kan kwarin Bodele, wurin da masana ke cewa babu inda ya kai shi tayar da ƙura a duniya, har ƙurarsa takan tsallaka teku ta kai Kudancin Amurka. Mu ma hazon da ke rufe mu a Injamena da Kuseri da hunturu mafi yawansa daga can yake. To bash a irin wannan iska tare ta yake yi gaba ɗaya, ya kumbura ya saki ya kumbura ya saki yana ta fat-fat har zoben gefen su yage ɗaya bayan ɗaya, in ba ka yi sa'a ba ya tafi da sandunan ma.

Ita raga saƙa ce mai ƙananan ramuka, iska na bi ta cikinta ta wuce. Shi ya sa ba ta fisga da ƙarfi, ba ta wannan hayaniyar da ke hana mutum rintsawa, kuma zafin da ya taru a ƙarƙashi yana samun hanyar fita ta sama. Wallahi ran da muka fara kafa ta kusa da Salal, ƙanen babana da ya shekara da shekaru yana tuƙi a hanyar nan ya kwanta ya ɗaga kai ya daɗe yana kallonta sannan ya ce min, "Ɗana, wannan abu naka yana numfashi." Na ce "Baba ai shi ya sa na saya." Bai ƙara magana ba sai barci, mutumin da a ƙarƙashin bash gara ya je ya raɓe a gindin mota.

Amma a kula wajen saye. Ana rubuta mata lamba, 50 ko 70 ko 90 cikin 100, wato yawan hasken ranar da take tarewa. Ta 50 ta shuka ce, mutum in ya zauna a ƙarƙashi rana na soka shi ta ko'ina. A nemi ta 90. Kuma kar a yarda da abin da ke rubuce a jikin ledar da aka naɗo ta, shagon da na fara shiga mutumin ya rantse min ta 90 ce, da na ɗaga ta sama na kalli rana ta ciki sai da idona ya yi ruwa, na shimfiɗa hannu a ƙarƙashi ina ganin ɗigon haske ya fi inuwar yawa. Na ajiye masa abinsa na ƙara gaba. Ta ƙwarai tana da nauyi a hannu, inuwarta a ƙasa baƙa ce sosai, kuma in ka ja zare ɗaya a bakin da aka yanka ba ya warwarewa. Akwai wata mai arha da aka saƙa a kwance da a tsaye kawai, ita da ka yanka ta fara zubewa, kar ma ka taɓa ta. Sannan ka sa a auna a gabanka. Launi kuma kore na samu, baƙar tana ɗan fi yin zafi in rumfar ta yi ƙasa.

Na yanki mita 6 da faɗin mita 4, ya ishi mutum biyar ko shida da kayan shayinsu da wurin salla. Daga shago kai tsaye na kai ta wajen mai ɗinkin bash na manyan motoci, ya naɗe bakin ya bi shi da igiyar bel mai faɗi zagaye, ya ɗinka min kunnuwa na bel a kusurwa huɗu da kuma kowace mita ɗaya. Ya so ya buga min zoben ƙarfe na ce a'a, zobe a raga ba ya daɗewa, yana cin zaren ne a hankali har ya fita da shi. Wannan ɗinkin shi ne kuɗin da ya fi min amfani a duk abin da na kashe, don yanzu in iska ta ja, bel ɗin ne ke ɗaukar nauyin, ragar tana kwance abinta. In kana daji kunne ɗaya ya tsinke, sai ka ɗauki ɗan dutse mai santsi ko ƙwallon goruba ka cusa daga ƙasa ka tattaro ragar a kansa ka shaƙe wuyan da igiya, yana riƙewa sosai.

Sanduna kuma fayif na ƙarfe na sa mai walda ya yanka min, kowanne gida biyu mai shiga cikin ɗan'uwansa don ya shige bayan mota, in an haɗa ya kai mita 2. A saman kowanne na sa guntun taya don kar bakin ƙarfe ya huda ragar, a ƙasa kuma ɗan katako mai faɗi, in ba haka ba sandar nutsewa take yi a rairayi a hankali sai ka ga rumfa ta sunkuya. Aibinsu ɗaya, da rana ba sa taɓuwa, sai ka naɗe hannu da rawani. Wanda ya samu gora mai kauri ya fi, ta fi sauƙin ɗauka kuma ba ta zafi, illa dai tana tsagewa in ta bushe da yawa.

Yanzu ga inda mutane da yawa ke faɗuwa, wato turaku. Ƙananan turakun nan da ke zuwa da tantin kanti ba su da wani amfani a rairayi, da hannu ɗaya yaro zai zare su. Na sa an yanka min rodi mai kaurin milimita 12, tsawon rabin mita da ɗan ɗori, aka lanƙwasa kan ya zama ƙugiya. A ƙasa mai tauri irin ta wajen Masakori da Musoro suna riƙewa ƙam, in ka buga su a karkace kan yana kallon nesa da rumfar. Amma a rairayi mai laushi na Jurab har su ma fitowa suke. Can abin da ke aiki shi ne buhu. Buhun shinkafa ko na sukari da ba komai a ciki, ka cika shi da rairayi rabi, ka ɗaure tsakiyarsa da igiya, ka tona rami kamu biyu ko fiye ka binne shi a kwance ka tattake, igiyar kawai ke fitowa. Ba na jin akwai iskar da za ta tumɓuke wannan kafin igiyar kanta ta tsinke. Ɓangaren da iska ke bugowa kuma safaya taya muke binnewa ko mu ɗaure a jikin motar kanta. Kuma dan Allah wanda ya buga rodi ya kifa masa yankakkiyar robar ruwa a kai, da daddare mutum ya fito ba takalmi ƙarfen nan yana iya tsarge masa ƙafa, ga asibiti ba kusa ba.

Wata dabara da wani Bagorane, ɗan ƙabilar yankin, da ya nuna mana hanya ya koya min, a tsakanin igiya da turke a sa yankin robar tiyub na taya, ninki biyu. In iska ta fisga sai robar ta miƙe ta dawo, girgizar ba ta kai wa ɗinki. Abin da ya sa wannan ke da muhimmanci shi ne ƙarfin bugun iska ba ya ƙaruwa daidai da gudunta, in gudun ya ninka biyu bugun ninka huɗu yake, shi ya sa rumfar da ta kwana lafiya za ka ga ta tashi cikin minti ɗaya da hantsi. Kuma a yankin nan da hantsin iskar ta fi haukacewa, daga wajen ƙarfe 9 zuwa kafin azahar, da yamma sai ta ɗan lafa. Mutanen wurin sun san haka tun kaka da kakanni, duba bukkokin tabarmar kaba da matansu ke kafawa, gajeru ne masu lanƙwasa ba su da faffadan gefen da iska za ta kama.

Yadda muke kafawa, mota a ɓangaren arewa maso gabas ta zama bango, a ɗaure gefe ɗaya na ragar a kariyar ɗora kaya ta saman motar, ɗayan gefen a kan sanduna. In babu mota sai a saukar da gefen iska ƙasa sosai kusan ya taɓa rairayi, a ɗaga na bayan. Da hunturu rana tana karkata kudu ko da tsakar rana, to inuwar guduwa take yi arewa ta bar ka a fili, dole ka rataya zane ko bargo a gefen kudu. A Mayu da Yuli kuwa rana a tsakar ka take a wajen Faya, rufin kaɗai ya isa har sai la'asar ta yi sannan a rufe yamma. Mutum biyu cikin kwata ɗaya na awa sun gama in ƙasa mai tauri ce, in sai an binne buhuna ya fi haka.

Abubuwan da ba ta yi kuwa dole in faɗe su. Ba ta tare ƙura ko kaɗan, garin ƙura mai laushi yana sauka ta cikinta a kan abinci da kofin shayi, ranar da guguwa ta taso kam sai dai kowa ya naɗe fuskarsa ya shiga mota. Ba ta tare sanyi, kuma daren Disamba da Janairu a can sanyi ne mai shiga ƙashi. Ba ta son wuta, roba ce, tartsatsin gawayi ɗaya ya huda min ita wajen faɗin kwabo, tun daga nan mangal, wato murhun gawayin, a waje yake zama ta ɓangaren da iska ke tafiya. Sai ƙarangiya, wannan ita ta fi ba ni haushi, in ka kuskura ka shimfiɗa ragar a ƙasa a yankin Baharal Gazal za ta kwashe ta kaf, ka zauna kana cira ɗaya-ɗaya yatsu na jini, saboda haka daga mota zuwa sanduna, daga sanduna zuwa buhunta, kar ta taɓa ciyawa. Ƙayar bagaruwa da ta farar ƙaya ma haka. Kuma in ta kwana a ninke a ƙasa a kakkaɓe ta da sanda kafin a sa hannu saboda kunama.

Ko ta 90 ɗin ma ɗan haske yana ratsowa, mai fata mai laushi ko jariri ko mara lafiya zai ji shi. Abin da muke yi in za mu daɗe a wuri, sai mu rataya farin zane ko tsohon bargo a ƙarƙashinta da tazarar kamu ɗaya. Ragar ta sha ranar a sama, iska ta ratsa tsakani ta kwashe zafin, abin da ya iso ka kaɗan ne. Wannan inuwar ita ce mafi sanyi da na taɓa samu a hanyar nan in ka cire ta gonakin dabinon Faya.

Kuɗi kuma duka da raga da ɗinki da walda da igiya bai kai min jaka 40 na sefa ba, tantin kanti mai girman haka ya fi wannan tsada kuma ba na jin zai jure rabin abin da wannan ta jure. Bayan zafi ɗaya da sanyi ɗaya launinta ya ɗan koɗe, ban da hudar gawayin nan babu inda ta yage, zaren ɗinkin kunne biyu ne ya fara sakewa na mayar aka bi shi da zaren nailan mai kauri. Mai zuwa Faya ko Kalayit ko Fada da rani, ko makiyayi da mai kasuwar dabbobi da ke yini a fili, ya saya ba zai yi da-na-sani ba in sha Allahu. Amma wanda tafiyarsa ta faɗo a Yuli ko Agusta, lokacin da sabon dabino ke fitowa, kar ya bar bash ɗinsa a gida, don daga Musoro zuwa kudu ruwa na iya kama shi kuma ragar ko ɗigo ba ta tarewa. Ni nawa yana ninke a ƙarƙashin kujera, in hadari ya haɗu mu rufe kaya da shi, mu sauke ragar tun kafin iskar gaban ruwa ta iso.