Littattafan kemistiri da labarin ƙasa na masu karatu a gida a Amurka: kafin ku ce a sayo muku

'Yan'uwa na gida, ina gaisuwa. Kun yi ta tambaya a kan littattafan da iyalan Kirista a nan Amurka suke koyar da 'ya'yansu da su a gida, ko sun cancanci a saya a aiko. Zan tsaya kan darasi biyu na sakandare.

Karatu a gida halal ne a dukkan jihohi 50, sai dai doka ta bambanta. A Texas ba a ma buƙatar sanar da hukuma, a New York kuwa sai iyaye sun miƙa tsarin karatu da rahoto sau huɗu a shekara. Sakandare aji 9 ne zuwa 12, kuma iyaye ne ke rubuta takardar sakamako. Darasin shekara guda kiredit ɗaya ne, wato awa 120 zuwa 180.

Kemistiri shi ne kayan da ya fi burge ni. Kamfanonin wallafa littattafai Abeka da BJU Press sun ajiye shi a aji 11, kowannensu da bidiyon malami ga mai iya biya. Littafin kamfanin Apologia kashi 16 ne, mako biyu-biyu, an rubuta shi kamar malami na magana da yaro baki da baki, don uwar da ba ta taɓa karanta kimiyya ba ta iya sa ido kawai. Dukkansu suna gabatar da tsarin halitta a matsayin aikin hannun Allah, amma lissafin sinadaran daidai yake da na kowace makaranta.

Inda suka sha gabanmu shi ne gwaji. A can gida Najeriya ɗalibai da yawa ba sa taɓa kwalbar gwaji sai dab da WAEC. A nan ana sayar da akwati guda mai kofunan gilashi masu jure wuta, fitilar sifirit, ma'aunin zafi, tabaran kare ido da sikeli, sauran kayan kuma daga kicin ake ɗauka. Yaro zai dafa jan kabeji ya tace ruwan, ya raba kofi biyu. Ya ɗiga binega a ɗaya, sai ya koma ja-ja. Ya zuba bakar soda a ɗayan, sai ya rikiɗe shuɗi mai ratsin kore. Wannan ba sai kun sayo ba, ruwan zoɓo da lemon tsami da kanwa za su nuna muku abu iri ɗaya.

Abin da ke kayar da yara shi ne shiga kemistiri ba su gama aljabara ta farko ba. Farkon littafi zai tafi sumul, da an zo lissafin mol (ma'aunin yawan sinadari) da daidaita ma'aunin sinadarai sai tafiya ta tsaya cik. Sikeli ma na ɓata aiki: wanda ke auna giram ɗaya-ɗaya ba zai yi ba, a nemi mai nuna 0.1. Kofin shayi na gilashi yakan fashe a wuta. Mai sayen na hannu kuma ya tabbatar littafin da takardun amsa bugu ɗaya ne, domin lambobin tambayoyi kan canza. A riƙa rubuta kowane gwaji da kwanan wata a littafi guda, wasu jami'o'i na neman shaidar an yi.

Labarin ƙasa kuwa, a nan nake jan kunnenku. Yawanci a aji 9 ake yin sa, na Abeka rabin shekara ne kacal. Nauyinsa na kan al'ummomi, addinai, ƙasashe da manyan biranensu, da aikin bishara. Na kamfanin Notgrass ma yana haɗe da adabi da nazarin Littafi Mai Tsarki. Karatun taswira da layukan tudu da auna nisa, waɗanda WAEC ke matsa wa ɗalibi a kansu, kaɗan ne, Afirka ta Yamma kuma 'yan shafuka ne. Yawancin mawallafan suna koyar da halitta cikin kwana shida da duniya mai shekaru dubbai, don haka bayaninsu na shekarun duwatsu ya saɓa da manhajar gida Najeriya.

Ga yaron da zai zana WAEC ko NECO, ku sayi na kemistiri ya zama ƙari, labarin ƙasa ku tsaya kan na gida Najeriya. Gilashi da sikeli suna shiga jaka, sinadarai kuwa da yawansu ba a yarda a hau jirgi da su ba, sai ku nema a shagunan kayan gwaji na can.